Ɗan Makiyayi a Fadar Fir'auna: Hakkin Wanda Ya Fara Shiga Jami'a a Gidansu

Karatun wannan mako: Farawa 46:28 zuwa 47:12. A karanta shi da murya kafin a shiga bayani.

Da wuya a sami ikilisiya tamu wadda ba ta taɓa ganin irin wannan rana ba. An gama wa'azi, sai pasto ya kira wani saurayi ko wata budurwa gaba, ya sanar da jama'a cewa an ɗauki wannan ɗa namu a babbar jami'a, shi ne kuwa na fari a zuriyarsu da ya kai wannan matsayi. Mata su yi guɗa, dattawa su ɗibiya masa hannu su yi addu'a. Matan zumunta su haɗa masa gari da ƙuli-ƙuli da yaji. Uban ya riga ya sayar da bijiminsa, uwar kuma ta roƙi a ba ta kwasar adashi tun layinta bai zo ba. Washegari a raka shi tasha, mu komo gida da murna, muna tsammani wahala ta ƙare.

Ga shi wanda ya tafi, a ranar ne wata irin wahala ta ke farawa, wadda ba wanda ya taɓa ba shi labarinta, gama a gidansu ba wanda ya san ta. Saboda haka tambayar da za mu bincika a wannan darasi kashi biyu ce. Sa'ad da ilimi ya kai mutum wurin da iyayensa ba su taɓa takawa ba, me ke wuyansa game da gidan da ya fito? Mu kuma da muka aike shi, me ke wuyanmu game da shi?

Abin da ya kan tarar a can

Wannan al'amari ba namu kaɗai ba ne. A Amurka ne aka fi bin diddiginsa da bincike, domin haka bari mu fara duba can. Akwai waɗansu tsofaffin jami'o'i a ƙasar, irin su Harvard, wadda aka kafa a 1636, da Yale da Princeton, waɗanda shekaru da yawa 'ya'yan mawadata ne suka cika su. A 2017 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka nuna cewa a manyan makarantu 38 na ƙasar, ɗalibai da suka fito daga kashi 1 cikin 100 na iyalai mafi samu sun fi yawa bisa dukan waɗanda suka fito daga kashi 60 cikin 100 na ƙasa. Jami'o'in sun yi ƙoƙarin buɗe ƙofa. A 2004 Harvard ta ɗauke wa iyayen da samunsu bai kai dala 40,000 a shekara ba nauyin biyan kome. Amma shiga ƙofa dabam ne, zama ɗan gida kuma dabam.

Wani malami, Anthony Jack, wanda shi kansa ne ya fara zuwa jami'a a gidansu, ya zauna da ɗalibai fiye da 100 a wata irin wannan jami'a, ya wallafa abin da ya ji a 2019. Ya tarar cewa idan aka yi ɗan gajeren hutu na tsakiyar zango, a kan rufe ɗakunan cin abinci, domin hukuma tana ɗauka kowa zai tafi gida ko yawon shaƙatawa. Wanda ba shi da kuɗin tafiya sai ya zauna da yunwa a tsakiyar wadata. Waɗansu kuma, don su sami kuɗin kashewa, su kan wanke makewayin ɗakunan kwana na 'yan ajinsu. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne sha'anin malamai. Kowane malami ya kan keɓe sa'o'i a mako domin ɗalibi ya zo ofishinsa ya yi tambaya. 'Ya'yan masu ilimi sun san wannan hakkinsu ne, su kan je ba shakka, a san su, a riƙa tuna su idan wata dama ta samu. Ɗan talaka da ya fito daga makarantar unguwa ya kan ga abin kamar fadanci ne, ko kuwa tona asirin rashin saninsa, sai ya ja jiki, ya riƙa fama shi kaɗai. Ba hazaƙa ya rasa ba. Dokokin wurin ne ba a rubuce su ke ba, a gida a ke koyonsu, gidansu kuwa ba a san su ba.

Mu ma a Nijeriya kakanninmu na jiya sun sha wannan. Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da ɗalibai 104, tana ƙarƙashin Jami'ar Landan, kusan kowane ɗalibi na fari ne a gidansu, tun da ya ke kafin wannan shekara babu jami'a a ƙasar. Haka kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya bayan buɗe ta a 1962. Yaro ya bar gidan da a ke cin tuwo a akushi ɗaya, ya sami kansa a tebur da cokali da wuƙa, cikin harshen da uwarsa ba ta ji. Har yanzu kuwa kowace shekara akwai iyalanmu da su ke aika nasu na fari.

Kunya iri biyu

Irin wannan ɗalibi kunya biyu ke jiransa. A makaranta yana jin kunyar gida: karin harshensa, da takalminsa, da sana'ar ubansa. Idan ana taɗin iyaye sai ya yi shiru, ko ya ƙara wa labarin gishiri. Idan ya zo hutu kuma, gida ya ba shi kunya ta biyu. Ya ce a tafasa ruwan sha, a ce ya zama Bature. Ya keɓe yana karatu, a ce girman kai ya kama shi. Abokan wasansa na dā sun daina sakin jiki da shi. Ga shi nan tsakani, can ba a karɓe shi duka ba, nan kuma an fara ɗaukarsa baƙo.

A nan jaraba ke shigowa, gama hanya mafi sauƙi ta fita daga wannan ƙunci ita ce a yanke gefe ɗaya. Mun sha jin labarin uban da ya kwana a mota domin ya halarci bikin saukar karatun ɗansa, ɗan kuwa ya gabatar da shi ga abokansa da sunan wani mutumin ƙauyensu. Mun kuma san waɗanda nauyin baƙunci ya fi ƙarfinsu, suka bar karatun suka komo ba su gaya wa kowa dalili ba. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutumin da ya tsaya a daidai wannan mararraba, bai kuwa bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ba.

Yusufu ya sake, bai kuwa yi laifi ba

Yusufu ɗan makiyayi ne. Yana da shekara 17 sa'ad da ya ke kiwo tare da 'yan'uwansa, yana da shekara 30 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Mu lura da yawan abin da ya sake a jikinsa. Ya yi aski ya sake tufafi kafin ya shiga fada. An raɗa masa suna na Masar. Ya auri Asenat, 'yar firist na birnin On. Harshen Masar ya zauna a bakinsa, har sa'ad da 'yan'uwansa suka zo awo ya yi magana da su ta bakin tafinta, su kuwa ba su gane shi ba. Littafi Mai Tsarki bai zarge shi a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da wannan sani na Masar ne Allah ya ceci rayuka masu yawa cikin shekara 7 na yunwa, har da na gidan ubansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Ayyukan Manzanni 7:22 ya shaida cewa an koya wa Musa dukan ilimin Masarawa. Daniyel ya yi shekara 3 yana koyon harshe da littattafan Kaldiyawa a Babila, ya amsa sunan da suka ba shi. Inda ya ja layi shi ne abincin sarki, da kuma addu'arsa wadda ya ƙi bari ko da ramin zakuna na jiransa. Bulus ya yi karatu a ƙarƙashin Gamaliyel. Saboda haka kada mu ce wa ɗanmu ya yi zunubi domin maganarsa ta sake, ko domin ya zo da tambayoyin da ba mu saba ji ba. Ai domin ya sake muka aike shi. Wanda ya kai hatsi niƙa ba ya fushi don an komo masa da gari.

Inda gwajin ya ke

Gwajin Yusufu na ainihi ya zo ne ranar da aka ce ga Yakubu ya iso Goshen. Karatunmu ya gaya mana cewa Masarawa suna ƙyamar makiyaya, Farawa 43:32 kuma ya nuna ba su ko cin abinci tare da Ibraniyawa. Yusufu shi ne na biyu a dukan ƙasar, mutanen fada sun san shi da tufafin lilin da sarƙar zinariya. Da ya ga dama, da ya aika wa tsohon da hatsi can Kan'ana ya bar shi a can, ko kuwa ya ajiye shi a gefen ƙasa a ɓoye. Ba wanda zai ce bai kula da ubansa ba. Mu tuna kuma shi mutum ne kamarmu: sunan da ya ba ɗan farinsa, Manassa, yana ɗauke da ma'anar mantuwa, watau mantawa da wahalarsa da gidan ubansa. Zuciyarsa ta taɓa neman hutu ta hanyar mantuwa.

Amma ya shirya karusarsa ya tafi taryen ubansa, ya rungume shi ya yi ta kuka. Ya zaɓi mutum 5 daga cikin 'yan'uwansa ya kai su gaban Fir'auna, suka faɗi sana'arsu a fili. Sa'an nan ya shigo da ubansa, tsoho mai shekara 130, makiyayi mai ɗingishi, ya tsai da shi gaban sarkin Masar. Abin da ya faru a nan ya isa a yi tunani a kansa: Yakubu ne ya sa wa Fir'auna albarka. Tsohon da fada za ta iya rainawa yana riƙe da abin da fada ba ta da shi, watau alkawarin Allah. Da Yusufu ya ɓoye ubansa, da ya hana Fir'auna albarka, ya kuma hana kansa.

Wannan shi ne abin da ke wuyan wanda ya fara shiga jami'a a gidansu. Yana da izini ya koyi harshen fada, ya sa tufafinta, ya ci gaba iyakar baiwar da Allah ya ba shi. Abin da ba shi da izini a kai shi ne ya yi musun waɗanda suka haife shi. Doka ta 5 ta umarce mu mu girmama uba da uwa, ba ta kuwa sa sharaɗin sai sun yi makaranta ba. Aika kuɗi kaɗai bai cika wannan doka ba, gama ana iya ciyar da mutum ana kuwa jin kunyarsa. Girmamawa ita ce ka ambaci sunansa ba tare da sassauta murya ba, ka zauna ka ji shawararsa, ka yarda a gan ku tare. Bulus ya tambayi Korintiyawa ko akwai abin da su ke da shi wanda ba karɓa suka yi ba. Takardar shaidar digiri suna ɗaya a ke rubutawa a kanta, amma hannuwa da yawa suka biya ta. Tushiya masomin dawa.

A zamaninmu ma an ga irin wannan. Sonia Sotomayor ta tashi a unguwar talakawa a birnin New York, ubanta ma'aikacin masana'anta ya rasu tana da shekara 9, uwarta ma'aikaciyar jinya ta riƙe su. Da ta shiga Princeton a 1972 ta tarar rubutunta na Turanci bai kai na 'yan ajinta ba. Ba ta ɓoye ba, ta nemi taimakon malamai, ta riƙa kashe hutunta a kan littattafan nahawu, ta gama a 1976 cikin sahun gaba. Ranar da aka rantsar da ita alƙaliya a Kotun Ƙoli ta Amurka a 2009, uwarta ce ta riƙe mata Littafi Mai Tsarki. A ƙasarmu kuma muna da Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya yi makaranta a Wusasa, ya je Ibadan a 1948, ya ƙarasa karatun likita a Landan. Shi ne ɗan Nijeriya na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan dukan wannan ya koma Samaru ta Zariya yana duba marasa lafiya yana hidimar bishara, kafin rasuwarsa a 2005.

Wata tambaya mai wuya

Wani zai ce, to, yaya wanda gidansu ne ya cuce shi? Akwai maraya wanda dangi suka ƙi biya wa kuɗin jarrabawa, akwai yarinyar da aka so a cire daga makaranta a aurar. Yanzu da Allah ya ɗaukaka su, waɗannan dangin ne kan gaba wajen miƙa hannu. Tilas ne su ma su rungume su?

Kada mu amsa wannan da gaggawa, gama Yusufu ma bai yi gaggawa ba. 'Yan'uwansa ne suka sayar da shi. Ya gwada su har sau biyu kafin ya bayyana kansa, sai da ya ga Yahuza ya yarda ya zama bawa a madadin Biliyaminu. Bai kuwa kira muguntarsu da wani suna mai daɗi ba. A Farawa 50:20 ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufa, Allah ne ya juya ta. Amma tun kafin su tuba bai bar su da yunwa ba, bai kuma rama ba. Daga nan mu ke koyon cewa amincewa tana iya jiran a ga tuba, amma jinƙai ba ya jira. Wanda aka cuta yana da hakkin ya yi hankali da dukiyarsa da zuciyarsa. Ba shi da hakkin ya mai da iliminsa sandar ramuwa.

Abin da ke wuyanmu

Ya ku 'yan'uwa, yana da sauƙi mu karanta wannan darasi mu nuna 'ya'yanmu da yatsa. Bari mu juyo kan kanmu. Sau da yawa mu kan ɗauki ɗan da ya tafi jami'a kamar gonar da muka shuka, muna jiran kaka. Tun bai gama shekara ta biyu ba an fara aika masa da buƙatu: kuɗin taki, kuɗin asibiti, kuɗin makarantar ƙannensa. Yana jin kunyar ya ce ba shi da shi, sai ya tsakura daga kuɗin abincinsa ya aiko, ya shiga jarrabawa da yunwa. Bulus ya rubuta a 2 Korintiyawa 12:14 cewa iyaye ne ke tanadi domin 'ya'ya. Gaskiya ce lokaci yana zuwa da 'ya'ya za su sāka wa iyaye, kamar yadda 1 Timoti 5:4 ya koyar, Ubangijinmu kuma a Markus 7 ya tsauta wa masu fakewa da baiko don su ƙi taimakon iyaye. Amma kowane abu da lokacinsa. Wanda ya girbe dawa tun tana ɗanya ya yi hasarar iri da amfani duka.

Akwai kuma hassada. 'Yan'uwan Yusufu sun ƙi shi saboda mafarkansa. Mutanen Nazarat sun yi tuntuɓe da Yesu domin sun san shi masassaƙi ne, sun san uwarsa da 'yan'uwansa. Idan muka tari ɗanmu da habaici kowane hutu, kada mu yi mamaki in ya rage zuwa. Mun saba cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma wani lokaci gida ne ke fara bari.

Me ikilisiya za ta yi? Kafin ɗalibi ya tafi, a haɗa shi da wani mai bi wanda ya riga ya bi wannan hanya, ya gaya masa abin da iyayensa ba za su iya gaya masa ba: cewa zuwa wurin malami da tambaya hakkinsa ne, cewa faɗuwa a jarrabawa ɗaya ba ƙarshen duniya ba ce, cewa matambayi ba ya ɓata. A rubuta wa wata ikilisiya kusa da makarantarsa domin ya sami gidan da zai ci tuwo ranar Lahadi. A tuna da shi lokacin hutu, a bincika ko yana da kuɗin mota. Dattawa su zauna da iyalinsa su daidaita abin da ya kamata a nema daga gare shi da abin da bai kamata ba. Idan ya komo da tambayoyi masu wuya game da bangaskiya, a saurare shi da haƙuri, gama tambayar da aka tsawata wa ba ta mutuwa, ɓuya ta ke yi. In kuwa ya komo bai gama ba, a karɓe shi, domin ɗanmu ne tun kafin ya zama ɗalibi.

Tushen dukan wannan yana cikin Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba wanda ya kai shi ɗaukaka, tazarar da ke tsakaninsa da mu kuwa ta fi wadda ke tsakanin fadar Fir'auna da garken Yakubu nesa ba kusa ba. Duk da haka Ibraniyawa 2:11 ya tabbatar mana ba ya jin kunyar kiranmu 'yan'uwansa. Zai gabatar da mu gaban Ubansa da sunayenmu. Wanda ya san an yi masa wannan alheri ba zai iya ɓoye uwarsa don zanenta ya koɗe ba, ba zai kuma iya yi wa ɗan'uwansa baƙin ciki don an ɗaga shi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne Yusufu ya yarda suka sake a rayuwarsa, wanne ne kuma ya ƙi saki? Yaya za mu rarrabe irin waɗannan biyu a rayuwar 'ya'yanmu?

2. Me ya sa ciyar da iyaye kaɗai bai cika doka ta 5 ba?

3. Ɗalibai nawa ikilisiyarmu ta ke da su a jami'a yanzu? Wa ya nemi jin lafiyarsu a wannan wata ba tare da ya roƙi kome ba?

4. Wace shawara za mu ba mai bi wanda danginsa suka ƙi taimakonsa dā, yanzu kuwa suna neman taimakonsa?

Addu'a

A rufe da addu'a domin ɗalibanmu, a ambaci kowane ɗaya da sunansa. A roƙi Ubangiji ya ba su ƙarfin hali su yi tambaya inda ba su sani ba, da tawali'u su girmama gidajen da suka fito. A roƙa wa iyaye haƙuri, a kuma roƙa mana duka gafara inda muka nawaita wa 'ya'yanmu ko muka yi musu hassada. Amin.